Yadda za ka ga ƙwarin ɓaure suna aikinsu: jagora ga mazauna Jos

An saba cewa mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa. To wannan jagora ta masu tonawa ce. 'Yan ƙwarin nan da ke tashi idan an ɓare ɗan ɓaure, har mutum ya yi tsaki ya yar, su ne ke yi wa bishiyar barbara, kuma in babu su ɓaure ba zai yi ƙwayar iri ko ɗaya ba. Ba sai an shiga ɗakin gwaje-gwaje za a tabbatar da haka ba. Kwalba, ƙyalle, reza da haƙurin wata ɗaya zuwa biyu sun wadatar. Malamin makaranta mai neman aikin da zai fitar da ɗalibai daga aji zai iya, mai lambu zai iya, haka ma wanda bishiyar ke bayan gidansa kawai.

Kafin ka taɓa reza, ka san abin da za ka yanka. Ba ka taɓa ganin furen ɓaure ba domin a ɓoye yake. Abin da muke kira ɗan ɓaure kamar ƙaramin tulu ne: furanni ɗaruruwa sun lulluɓe bangonsa ta ciki, bakinsa kuma, wato 'yar cibiyar nan da ke ɗaya ƙarshen daga mariƙi, a toshe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna. Iska ba ta kai garin fure ciki, ƙudan zuma ma ba ya shiga. Ƙwaro ɗaya ne ke da siffar ratsa wannan ƙofa ɗauke da garin fure. Dangin rina da zanzaro ne, sai dai tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, kuma ba ya harbi. Masana suna kiran bishiyar Ficus sycomorus, ƙwaron kuma Ceratosolen arabicus. Dangin ɓaure a duniya sun haura iri 750, kuma galibi kowane iri da nasa ƙwaron. Na ceɗiya ba ya yi wa ɓaure aiki, na gamji ba ya yi wa durumi.

Nemo bishiya, ba ɗaya ba

Ɓaure yana son inda saiwarsa za ta taɓa ruwa. A Jos, bi bakin rafi, kwarin da ke tsakanin duwatsu, da gefen lambunan noman rani, kamar wajajen Lamingo, Laminga, Naraguta da gindin duwatsun Shere. Za ka gane shi da ɓawonsa mai ɗan ruwan ɗorawa, da ganyensa mai faɗi da kaushi, da 'ya'yansa masu ɗan gashi-gashi. In ka ga 'ya'ya sun yi cincirindo a wasu rassa marasa ganye da ke rataye a jikin kututture, mai yiwuwa uwar yara ce. Ita ma ta yi, har ta fi sauƙi, domin hannu yana kaiwa ba sai an hau ba. Kada ka fara da ceɗiya ko da ita ce a ƙofar gidanka. 'Ya'yanta ƙanana ne, ƙwarinta sun fi ƙanƙanta, ido zai gaji kafin ka ga komai.

In kana shakkar sunan bishiya, tambayi makiyayi ko mai maganin gargajiya. Fulani suna sassaɓo wa shanu ganyen ɓaure da rani, ba sa ɓata shi da wani. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos ma wuri ne da za a kai reshe a duba. Dajin Amurum da ke Laminga yana da dangin ɓaure, amma kiyayayyen wuri ne, kuma nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis ta Jami'ar Jos take, saboda haka ba a shiga a tsinki komai sai da izini. Bishiyar gona kuwa tana da mai ita. Yi sallama, faɗi abin da ya kawo ka.

Yi ƙoƙari ka sami bishiya 3 zuwa 5. Dalilin shi ne 'ya'yan bishiya guda kusan tare suke tafiya, su fito tare su nuna tare, amma kowace bishiya da nata lokacin. Wadda ka samu yau mai yiwuwa ba ta da ko ɗa ɗaya, ta tsallaken rafi kuwa tana gab da nuna. Mai bishiya ɗaya zai yi ta jira.

Kayan aiki

Kwalabe masu faɗin baki, irin na Bama, a wanke su bushe. Ƙyallen tatar kamu ko wani yadi mai matsattsiyar saƙa. Gidan sauro ba zai yi ba, ta hudojinsa za su fice. Robar ɗaure kuɗi, sabuwar reza, farar takarda, fensir, zare mai launi, gashin kaza guda don ɗaukar ƙwaro ba tare da murƙushe shi ba, da sifirit daga kemis. Abin da ya cancanci ka kashe wa kuɗi shi ne gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, irin na masu gyaran agogo da waya. In ka kara shi a kyamarar wayarka, hoto ma zai fito.

Farin ruwan da ke tsattsafowa idan an tsinki ɗa ko ganye yana da danƙo, yana sa wasu ƙaiƙayi, kuma ba ya shiri da ido. Wanke hannu kafin ka shafa fuska. Dubi gindin bishiya da sanda saboda maciji, kuma kada ka hau reshe da damina.

Karanta ɗan ɓaure

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin masu gwadawa ke faɗuwa, domin ɓauren da ya nuna ya faɗo ƙasa, wanda shi kowa ke fara tsinta, tuni masu gidan sun tashi. A 1968 wasu masana biyu, Galil da Eisikowitch, waɗanda suka yi nazarin wannan bishiya a Gabashin Afirka, suka kasa rayuwar ɗan ɓaure gida biyar, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. Ɗaura zare a reshe guda, ka riƙa zuwa bayan kwana uku-uku, kana tsinkar ɗa ɗaya ko biyu kana yankawa.

Yadda ake yankan: kada ka datsa shi a tsakiya kamar lemo. Tsaga fatar da reza a kewaye, daga mariƙi zuwa cibiya ka dawo, sannan ka sa babban yatsa ka raba shi biyu. Ta haka ƙofar za ta rabu a tsaye ka ga yadda aka jera ta, kuma ba za ka yanka abin da kake nema ba.

Da farko ɗan ƙarami ne, kore, mai tauri, ƙofa a rufe gam, babu kowa a ciki. Wuce.

Sai lokacin karɓa. Furannin mata sun kai, ɗan yana fitar da wani ƙamshi da hancinmu ba ya kamawa sosai amma ƙwaron yana binsa daga nesa, ƙofar kuma ta ɗan saki. Kwanaki kaɗan ne wannan. Alamarsa ita ce ka kara gilashi a cibiya ka ga 'yan fukafukai masu ƙyalli maƙale a bakin. Macen ƙwaron ce ta bar su. Kanta a baje yake, ƙarƙashin muƙamuƙinta kuma akwai wasu haƙora jere da take kafawa tana jan jiki, amma matsin ƙofar yana cire mata fukafukai, yana karya ƙahonninta. Ta shiga ke nan, ba fita. Raba irin wannan ɗan a hankali, za ka iya tarar da ita tana tafiya a kan furanni, wani lokaci su biyu ko fiye. Dube ta da kyau. Tana soka siririn tsinken ƙwanta ta wuyan fure, ta ajiye ƙwai ɗaya, sannan ta sa ƙafafun gaba ta ciro garin fure daga wasu aljihuna biyu da ke ƙirjinta ta shafa a kan furannin. Da gangan take yi, ba gogar jiki ba ce irin ta ƙudan zuma. A ganina, ko wannan kaɗai ka gani, wahalarka ta biya.

Me ya hana ta cika kowane fure da ƙwai, bishiya ta tashi a tutar babu? Wuyan furannin ba tsawo ɗaya ba ne. Masu gajeren wuya, waɗanda kwansonsu, wato ma'ajiyar iri da ke gindin fure, ke kusa da fili na tsakiya, su suka fi samun ƙwai, su zama ɗakin renon tsutsa. Masu dogon wuya, na jikin bango, galibi garin fure kawai suke samu, su zama iri. Ita kuma rayuwarta bayan ta yi fiffike kwana ɗaya ce zuwa biyu, a ciki take mutuwa.

Mataki na uku shi ne mai tsawo, makonni ne, kuma sanyin Jos na Disamba da Janairu yana ƙara ja masa lokaci. Ɗan yana girma, yana nan kore da tauri. In ka raba shi ka ga ruwa ya cika tsakiya, ba ruɓewa ya yi ba, haka ɓaure da uwar yara suke yi a wannan lokaci. A waje kuwa za ka ga wasu ƙwari masu dogon tsinke a baya, wani ya fi jikinsu tsawo nesa, sun tsaya a kan fata suna hudawa. Waɗannan 'yan cin bulus ne, ba sa barbara. Wasu suna cin gurbin iri, wasu kuma 'ya'yansu suna cinye 'ya'yan mai barbarar. Tururuwa da cinnaka suna sintiri suna kama na kamawa.

Na huɗu shi kake farauta. Ɗan ya kai girmansa, korensa ya fara dusashewa, in ka matsa da yatsa biyu yana ɗan lotsawa, ruwan ciki ya janye, amma babu huda a jikinsa. Hanya mafi sauƙi ta gane ranar: duba ka ga ko wasu 'ya'yan a reshen sun riga sun sami ƙaramar huda kusa da cibiya, tsuntsaye kuma sun fara leƙowa. To maƙwabtansu marasa huda su za ka tsinka, da sassafe ko da yamma.

Na biyar shi ne nunanne, ja-ja ko ruwan ɗorawa, mai taushi da ƙamshi. Rabon kurciyar gamji ne da jemage da biri, waɗanda ke kai irin nesa. Tsutsar da ake gani a wanda ya kwana a ƙasa ta ƙananan ƙudaje ce da wasu ƙwarin da suka zo daga baya, ba ta da haɗi da mai barbara. Ƙurus-ƙurus ɗin da haƙori ke ji kuma yawanci iri ne.

Kwalba da abin da zai fito

Raba 'ya'yan da ka tsinko kashi biyu. Kashi ɗaya ka buɗe nan take a kan farar takarda. Abin da zai fara ɗaukar idonka wasu halittu ne masu launin zuma, a lanƙwashe, ba fiffike, suna jan jiki a kan furanni. Kowa yana ɗaukarsu tsutsa, alhali su ne mazan. Su ke fara fitowa. Namiji yana neman kwanson da mace ke ciki, ya huda shi da baki, ya zura dogon bayansa ya sadu da ita tun ba ta fito ba. Bayan nan sai mazan su haɗu su haƙa rami ta bango zuwa waje. Iyakar aikinsu ke nan. Ko su mutu a ciki, ko su faɗo tururuwa ta kwashe. A daidai lokacin ne furannin maza, waɗanda ke kewaye da ƙofa ta ciki, suke nuna. Matan su fito daga kwanso, su cika aljihunansu da gari, su bi ramin su tashi.

Ɗaya kashin ka sa a kwalba. Shimfiɗa 'yar takarda mai tsotse ruwa a ƙasa don kada gumi ya jiƙa su su manne, sa ɗa biyu ko uku, rufe da ƙyalle, ɗaure da roba. In kana son ƙirge, ɗa ɗaya a kowace kwalba. Ajiye a inuwa cikin ɗaki, nesa da tururuwa. In ta dame ka, tsayar da kwalbar cikin faranti mai ruwa. Rana kai tsaye tana kashe su cikin ɗan lokaci. Cikin kwana ɗaya zuwa uku za ka ga ƙyallen ya yi baƙi-baƙi da su, sun taru ta ɓangaren haske. In kwana huɗu suka wuce babu motsi, ka yi saurin tsinka, koma bishiya. In suna da gudu har ka kasa dubawa, sa kwalbar a firji na 'yan mintuna, ban da wajen ƙanƙara, za su lafa.

Yanzu sai rarrabewa. Mace mai hasken jiki, ruwan ƙasa-ƙasa, mai manyan idanu da gajeren tsinke, ita ce mai barbarar, kuma da dare take tafiya. Akwai wata baƙa mai kama da ita ƙwarai, Ceratosolen galili, mai tashi da rana. Tana shiga ta ƙofa ɗaya, tana da aljihunan, amma ba ta ɗibar gari. Ɗan ɓauren da ita kaɗai ta shiga zai cika da ƙwari babu iri. Masu dogon tsinke, wasunsu da ƙyallin kore, su ne 'yan hudar waje da ka gani a baya. Ƙirga mazan mai barbara ka gwada da matan: za ka ga maza kaɗan ne ƙwarai, musamman inda uwa ɗaya ce ta shiga. Ƙwan da maniyyin namiji bai shiga ba shi ke zama namiji, wanda ya shiga ya zama mace, kuma uwar ba ta ɓarnar gurbi a kan maza fiye da waɗanda za su ishi 'ya'yanta mata su kuma haƙa ramin.

Ɗauki kaɗan da gashin kaza ka jefa a ƙaramar kwalbar sifirit. Rubuta suna, wuri da rana da fensir a guntun takarda ka sa ciki. Tawadar biro narkewa take yi. Sauran ka kai su gindin wata bishiyar da 'ya'yanta ke lokacin karɓa, ka buɗe da magariba. In kuma bishiyarka tana cikin sakin ƙwari, rataya farin zane kusa da ita da dare ka haska da tocila, masu hasken jikin za su sauka a kai.

Kada ƙanƙantarsu ta sa ka raina tafiyarsu. Suna tashi sama su bar iska ta ɗauke su. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan ɓauren bakin kogin Ugab a Namibiya ya gano garin fure da irin wannan ƙwaro ya kai tsakanin bishiyoyi masu nisan kilomita 160.

Gwajin jaka

Gani ya kori ji, amma ɗalibi mai kaifin kai zai ce, ina shaidar cewa ƙwaron ne ya kawo irin? Ɗinka 'yan jakunkuna da irin ƙyallen nan. Zaɓi rassa masu 'ya'ya ƙanana na matakin farko, rufe wasu ka ɗaure bakin da kyau a kan auduga don kada a sami kafa, bar wasu a buɗe ka sa musu zare. Dole a rufe da wuri. In mace ɗaya ta riga ta shiga, gwajin ya lalace. Na cikin jaka za su yi ta jira, daga baya su yanƙwane su zube. Na waje su ci gaba.

Idan na wajen sun nuna, yanki ɗaya gida huɗu, ɗauki kashi guda ka tsefe da allura. Iri yana da tauri da santsi, a cike yake. Kwanson da ƙwaro ya fita fanko ne mai huda. Jera su gefe biyu ka ƙirga, ka ninka sau huɗu.

Manoma sun ci karo da wannan tun kafin a san dalili. An kai ɓaurenmu Masar shekaru dubbai da suka wuce, amma mai barbararsa ba ya can, don haka ba ya iri, da reshe ake dasa shi, kuma manoma kan tsaga 'ya'yan da wuƙa don su nuna. A Kalifoniya ta Amurka, ɓauren Simirna da aka dasa ya yi ta zubar da 'ya'ya har sai da aka kawo ƙwaronsa, Blastophaga psenes, daga Aljeriya a 1899. Wannan wani irin ɓaure ne daban, na Turkiyya da ƙasashen bakin Bahar Rum, wanda ake sayarwa busasshe. Mai son dasa shi a lambunsa a Jos ya nemi irin da ke nuna ba tare da barbara ba, domin ƙwarin ɓaurenmu ba za su kula shi ba.

Shuka irin da ka samu

Murje nunannen ɗa a ruwa, zubar da abin da ya taso, tace wanda ya kwanta, shanya a inuwa. Barbaɗa shi a saman yashi mai laushi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, kada ka binne, domin yana son haske. Rufe da farar leda, riƙa yayyafa ruwa, ajiye inda rana ba ta duka. Cikin 'yan makonni zai tsiro, ƙanana ƙwarai, sai a yi hattara da ruwa mai ƙarfi. Dasa reshe a farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ya fi sauri, amma abin da zai fito kwafin uwar ne kawai. Ko wanne ka zaɓa, nisanta shi da katanga, rijiya, sokawe da bututun ruwa, saiwarsa ba ta da kunya.

Tun da macen ba ta wuce kwana biyu, kuma ranar da ta fito 'ya'yan bishiyarta sun wuce lokacin karɓa, tilas a ce akwai wata bishiyar a shirye a wannan daren. Shi ya sa sare ɓauren bakin rafi don itace ko gawayi yake taɓa har waɗanda aka bari. Mai lambun tumatir ko kabeji da ɓaure ke gefensa ya guji feshin maganin ƙwari a gindinsa a makon da 'ya'ya ke hudewa ko karɓa, mai sassabe kuma ya bar rassan da ke ɗauke da 'ya'ya.

Buɗe littafi, ba kowace bishiya shafinta. Duk mako rubuta matakin da take, da abin da ya fito a kwalba, da tsuntsayen da ka tarar. Bayan shekara za ka san wace bishiya ce ke ba wace ƙwari a unguwarku, da watannin da ake samun giɓi. In aji ne ke aikin, a raba bishiyoyin ga ɗalibai gwargwadon hanyar gidajensu, a riƙa haɗa bayanan ranar Juma'a.